Ɗan Bokitin Ƙasan Takarda

Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya idon? Ana ɗiga maganin safe da yamma kuwa, ko har yanzu sai an yi rigima da kai? Ya Mama da ƙafarta? Yaya, tunda ke za ki karanta masa, ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake inda na yi tsiya, ya san halin 'yarsa. Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ku, babansu ma haka.

Ka tambayi labarin kujerar shugaban ɗakin zane. To, an cike ta, Baba, amma ba da ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina zana wa kamfanin nan kayan injin niƙa, babu notin da ban san zurfin ramin da yake shiga ba, amma da Manaja ya duba gabas ya duba yamma bai ga kowa ba sai wani da ya ɗauko mana daga waje, da takardun shaida cike da jaka. Ranar da ya zo ko zama bai yi ba ya ce wai allon kwamfuta ɗaya ya yi masa kaɗan, sai an ƙaro masa na biyu. Kafin a tashi aiki kowa na kiransa Allo-Biyu. Ni na raɗa masa, ba zan ɓoye maka ba.

Da za ka gan shi da ka yi dariya har idon ya yi ruwa ba magani. Farar riga kullum, takalmi kamar madubi, turare kuwa tun daga ƙasan bene za ka san ya iso. Wata guda ke nan bai taɓa sauka ɗakin injuna ba. Rannan an hawo masa da gidan boris, ƙarfen nan da ke riƙe sandar inji mai juyawa, ya duba, ya sa takardar goge hannu ya ɗauka da yatsa biyu, sai ka ce an miƙo masa mushen ɓera. Kowace magana tasa da "a inda na yi karatu" take farawa. A inda ya yi karatu dai da alama ƙarfe ba ya da maiƙo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya shiga uwar takarda. Bari in yi maka bayani, tunda kai da fensir da rula ka yi naka zamanin. Yanzu ba a zana gaban abu da gefensa da samansa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ana gina abin ne sukutum a cikin kwamfuta, sai a jawo shi kan takarda, manhajar ta fitar da gaba da gefe da sama da kanta. Amma ba ta da hankalin kanta, abin da aka saita mata shi take bi: kaurin layi, girman rubutu, sikeli, inda kowane gefe zai zauna. Wannan saitin duk yana cikin takarda guda da muke ce wa uwar takarda, kowane sabon zane daga cikinta yake fitowa. Ni na tsara ta da hannuna, a kan yadda ka koya mini, kuma shekara da shekaru ba wanda ya yi kuka da ita.

Shi kuwa gogan naka ya wuni guda a cikinta yana taɓe-taɓe. Ya kashe layukan ɓoye, Baba! Layukan nan masu tsinke-tsinke da ke nuna rami ko hudar da ke can cikin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa, wai suna ƙazanta zane, wai zanen zamani fes ake son sa. Kai da ka taɓa yaga mini takarda don na manta layin ɓoye guda ɗaya tak! Ya canza rubutu, ya sirantar da layi, da sauran shirmen da ban ɓata idona na kalla ba. Dokar kamfani ta ce duk zanen da zai sauka ƙasa sai na duba na sa hannu. Nasa ko kallo ba su ishe ni ba. Ina sa hannu in tura masa gefen tebur, tunda shi ne masani ya ji da abinsa.

Abu ɗaya da bai taɓa ba shi ne ɗan bokitinka, hoton nan da ke nuna yadda za a karanta zane. Yana nan a ƙasan takarda kusa da akwatin sa hannu, a kwance, da da'irorinsa biyu wajen baki. Duk lokacin da na gan shi sai in tuna ina 'yar shekara tara, ka ɗora ni kan kujerar zanenka ka ce kafin in kalli komai a takarda in fara duba bokiti. In da'irorin suna wajen bakinsa, kusurwa ta ɗaya ce, abin da aka gani daga hagu a dama ake ajiye shi. In suna wajen gindinsa, kusurwa ta uku ce, dama tana dama. Ina jin Allo-Biyu ya ɗauka tambarin kamfani ne.

Amininka Kawu yana gaishe ka. Yana nan kan injinsa, gwiwar ce dai ke damunsa. Saura wata takwas ya ajiye aiki, ya ce in ya ajiye zai zo ku zauna ku yi ta musu har ku gaji.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Taka har kullum,
Fensir


Ranar Juma'a

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mama da Yaya. Ina fata jiki da sauƙi. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, raina a ɓace yake.

An dakatar da Kawu daga aiki.

Ga yadda aka yi. Akwai gidan boris guda sittin da aka ba shi ya yi, na sabon injin da Allo-Biyu ya zana. Kowane ɗaya yana da huda a gefe guda, inda ake ɗura giris. Kawu ya yi su sittin cif, sumul, ko gashi ba zai wuce tsakanin awonsu ba. Da aka zo haɗa inji shekaranjiya, sai ga hudar a hagu, daidai inda ƙarfen ke manne da jikin inji. Ba ta yadda za a yi giris ya shiga. Juya shi kuma ba ya yiwuwa, don gabansa da bayansa ba ɗaya ba ne. Duka sittin ɗin an tara su a bayan ɗakin injuna kamar duwatsun murhu.

Manaja ya tara mu a ofishinsa. Wannan bawan Allah da bai san bambancin noti da ƙusa ba, shi ne alƙali. Allo-Biyu ya kinkimo kwamfutarsa ya buɗe, ya dinga juya gidan boris ɗin a allo da ɗan yatsa, ja da shuɗi yana walƙiya, ga huda a dama ƙiri-ƙiri. Manaja ya saki baki yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ba wanda ya ce a kawo takardar da aka ba Kawu, wadda da ita ya yi aikin. Aka juyo kansa. Mutumin da ya shekara arba'in yana yanka ƙarfe, tun kafin a haifi mai farar rigar nan, yana tsaye bakin ƙofa don ba a ko ba shi kujera ba. Abin da ya ce kawai shi ne ya bi takarda. Sai Manaja ya ce wai shekaru sun ja, wai ido ya yi rauni, wai zanen zamani ya fi ƙarfin tsofaffin hannu. Ya ce ya je gida, ranar Alhamis ta sama za a yanke hukunci, kuma kowa ya san sallama ce. Saura wata takwas ya fita da mutuncinsa, Baba, za a kore shi a kan bai iya karanta zane ba. Kawu!

Da muka fito na zauna na buɗe uwar takarda, na bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Ko minti biyar ban yi ba na gano ta. Shashashan ya juya kusurwa daga ta ɗaya zuwa ta uku, don a inda ya yi karatu haka suke yi. Danna abu ɗaya ne kawai. Tun daga ranar manhajar take ajiye gefen dama a dama. Amma bokitin da ke ƙasa hoto ne na zana na manna, ba ya bin saiti, sai an canza shi da hannu. To ka ga zane yana magana da kusurwa ta uku, bokiti yana rantsuwa ta ɗaya ce. Kawu ya duba bokiti kamar yadda duk mai hankali zai yi, ya ga gefen da ke dama, ya ce wannan hagu ne, ya huda hagu. Da layukan ɓoye suna nan, da kallo ɗaya zai yi wa zanen gaba ya ga inda hudar ta nufa. Amma ina, an share su don kada takarda ta yi datti. Ga tsafta nan mun gani.

Takardun shaida cike da jaka, allo har biyu, amma ɗan bokitin da yarinya 'yar shekara tara ta sani ya gagare shi. Wallahi ko kallonsa na yi sai in ji kamar in tofar.

Na san za ka ce me nake jira ban kai wa Manaja ba. Zan kai. Akwai dai ɗan abin da nake dubawa tukuna.

Ka sa Kawu a addu'a. A gaida kowa.

Taka,
Fensir


Ranar Talata

Babana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso jiya da rana, na gode. Na ji daɗi da aka ce kumburin idon ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Mama.

Shafi biyu na cika maka da zagin mutum, kai kuma layi ɗaya ka sa Yaya ta rubuto: sunan wa ke cikin akwatin wanda ya duba? Ido ya tafi amma har yanzu ƙasan takarda kake fara kallo.

Sunana ne, Baba. Sa hannuna ne, da kwanan wata, tsakaninsa da bokitin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Zane goma sha ɗaya ya ajiye mini a ranar, na sa musu hannu a jere ina kallon taga, don kada ya ga kamar aikinsa ya isa in duba. Da na yi masa kallon minti ɗaya da na gani, don zanen sama yana zaune a saman na gaba, mu kuwa a ƙasa muke ajiye shi. Makaho ma da ya shafa zai ji.

Kuma ba shi ke nan ba. Yaya, ki karanta wannan yadda na rubuta shi, kada ki gyara mini.

Kafin Kawu ya fara huda, ya hawo sama. Ka san benen nan na ƙarfe, matakala goma sha tara, ka kuma san gwiwarsa. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Ina zaune ina ba mai kula da sito labarin Allo-Biyu, ina kwaikwayon yadda yake ɗaukar ƙarfe da yatsa biyu, tana dariya har da riƙe ciki. Sai ga Kawu a bakin ƙofa yana haki, da takardar a hannu. Ya ce 'yata, zanen nan bai kwanta masa ba, hudar kamar ba a nan ya kamata ta zauna ba, in ɗan duba masa. Na hango rubutun na gane na wane ne. Ko karɓa ban yi ba. Na ce Kawu ai kai ke koya wa mutane, a duba bokiti, abin da bokiti ya ce shi ke nan, in shirme ne ma na mai shi ne. Na juya na ƙarasa labarina, don an zo daidai wajen dariyar. Ina jin ƙarar takalminsa yana sauka, ɗaya, ɗaya, yana hutawa a tsakiya.

Ranar da aka tsayar da shi gaban Manaja ina zaune a wurin. Ya ce ya bi takarda. Bai ce ya hau ya tambaya ba. Ko inda nake bai kalla ba, don kada wani ya bi idonsa.

Jiya da la'asar na je gidansa. Na same shi a tsakar gida yana wasa wa matarsa almakashi, mutumin da hannunsa bai saba zama ba. Na fara magana ya katse ni. Ya ce shi bai tuna ya hau wani bene ba, tsufa ne. Ya ce wata takwas ba komai ba ne, ni kuwa ina da yara da sauran shekaru a gaba, kuma in Manaja ya ji wannan, kujerar da nake hange ta tafi har abada, wataƙila har da wadda nake kai. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba. Sannan ya tambayi idonka. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Baban yara ya ce tunda mai abin ya ce a bari, in bari. Na so in ji maganarsa, wallahi na so. Kwana huɗu ina neman yadda zan nuna saitin Allo-Biyu ba tare da an ga ƙasan takardar ba, har na gwada naɗe ta daidai wurin. Ba ta naɗuwa. Duk wanda zai ga bokitin sai ya ga sunana.

Wata guda ina ce wa mutum jahili don bai san bokiti ba. Shi bai sani ba ne. Ni na sani tun ina shekara tara, na ƙi dubawa. Kunya nake ji, Baba, irin wadda ban taɓa ji ba.

Jibi ne Alhamis. Ka yi mini addu'a, ko da kana fushi.

'Yarka,
Fensir


Ranar Asabar, bayan mako uku

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Mama da Yaya da duk gida. Ka yafe mini jinkirin amsa. Na san Kawu ya riga ya aiko maka da nasa labarin, kuma na san ya rage fiye da rabi, don haka ga nawa.

Na shiga ofishin Manaja ranar Alhamis kafin a kira Kawu. Na shimfiɗa takardar a teburinsa ba naɗi. Sai da na yi masa bayanin bokiti sau uku, har na ɗauko kofin shayinsa na kwantar ina nuna masa baki da gindi, kafin abin ya shiga. Na nuna saitin, na nuna sa hannuna, na faɗi maganar bene. Da ya gane, abin da ya fara tambaya shi ne ko za a iya cire bokitin gaba ɗaya a huta. Wannan shi ne mai riƙe da kamfani.

An mayar da Kawu bakin aikinsa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, an dai ce ya dawo Litinin. Ni an karɓe duba zane daga hannuna, an ba ni takardar gargaɗi, kuma yanzu duk abin da na zana sai Allo-Biyu ya duba ya sa hannu. Yana dubawa kuwa, layi-layi, har da sa rula a allo. Maganar kujera ba sai na faɗa maka ba.

Shi ko gargaɗi bai samu ba, takardun shaida sun yi rana. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi. Ranar yana zaune a ofishin Manaja, da na gama magana ya miƙe ya ce saitin nasa ne, kuma bai san hoton ba ya canzawa da kansa ba. Washegari ya mayar da kusurwa ta ɗaya, ya kunna layukan ɓoye, ya zo ya tsaya a gefen teburina ya ce in nuna masa sauran abin da ya ɓata. Na nuna masa, ban ɗaga kai ba. Har yanzu turarensa na hawar mini kai, kuma har yanzu a inda ya yi karatu aka fi kowa iya komai. Sai dai ranar Litinin ɗin ya sauka ɗakin injuna. Farar rigar ta dawo da baƙin maiƙo a hannu, mai sito ta leƙo tana jira in ce wani abu, na ci gaba da aikina.

Kawu bai yi fushin da ya ce zai yi ba. Kullum da safe in na wuce ta ƙofar ɗakin injuna yana ɗago hannu, ya ce 'yata an tashi lafiya, ya tambayi yara, ya tambaye ka. Ba abin da ya ragu a gaisuwarsa.

Amma shekaranjiya ina zaune na ji takalminsa a bene, ɗaya, ɗaya, da hutun nan na tsakiya. Na ture abin da nake yi, na miƙe tsaye, na jawo masa kujera tun kafin ya iso. Ya shigo da takarda a hannu yana haki. Zanena ne, na hango rubutuna. Ya yi mini murmushi, ya ce sannu da aiki 'yata, ya wuce ni ya ajiye ta a teburin Allo-Biyu, ya sa yatsa yana nuna masa wurin da bai gane ba. Suka sunkuya su biyu a kanta. Na daɗe a tsaye riƙe da bayan kujerar kafin na mayar da ita wurinta.

Saura wata bakwai ya ajiye aiki. Ban sani ba ko za su ishe ni.

Na ga a takardarka ta ƙarshe ba ka kira ni Fensir yadda ka saba ba. Ban yi ƙorafi ba. Na ajiye sunan, sai ranar da ka ga dama ka mayar mini.

A ɗiga maganin a kan lokaci. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

'Yarka